Zanzaron da ke Toshe Murhun Inna

Yayana mutum ne da idan zai yi maka alheri sai unguwa ta fito ta shaida. Ba mugu ba ne, kada a ce na ce. Amma ban taɓa ganin ya ba da kyautar da za ta shiga aljihu ba, tasa sai an kira ƙarti sun sauke ta daga mota. A lokacin yana aiki a wani buro, wato ofis, a Birnin Konni, ni ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Malbaza. Mahaifiyarmu, Inna, tana Dogarawa ita kaɗai a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar mata, da awakinta, da rumbunta, da maƙwabtan da suka tsufa tare. Shekarun da salula ta fara shiga ƙauyuka ke nan, mutum ya hau tudu yana ɗaga hannu yana neman rezo, wato layin waya.

Idon Inna ne ya fara ba ta wahala. Yaya ya kai ta wurin likitan ido, likita ya ba da maganin ɗigawa, ya ce ta rage zama cikin hayaƙi. Iyakar abin da likita ya ce a gaban Yaya ke nan. Kafin su iso gida Yaya ya mai da shi doka. Ya zaunar da mu a tsakar gida, ya gyara zaman tabaraunsa.

"Inna, magana biyu ta," in ji shi. "Ko ki bar icce ki koma ma gas, ko ki tattara ki taho Konni wurina. Kuma ran da nig ga idonga ya kai inda ba ki iya ma kanki, babu wata shawara, mota za ni kawowa."

Inna ta san abin da Konni take nufi. Ɗaki a ƙuryar gidan ɗa, tabarma, a kawo mata abinci a rufe, kowa ya wuce ya ce mata ta huta. Ba abin da ta tsana a duniya kamar a ce ta huta. Ta dubi garken awakinta, ta ce, "Kawo gas ɗin."

Ranar kasuwa ya kawo murhun, kuma ba na jin kuskure ne. Fari ne tas, mai kai huɗu, da murfin gilashi, da ɗakin gashi a ƙasa. Irin kayan Turai ɗin nan ne da wani ya gama yayinsu, ake jibgewa a bakin titi a Konni. Yaya bai yarda a ce masa murhu ba, kwiziniyar yake cewa, yana jan ƙarshen kalmar. Aka ajiye shi a rumfar girki, aka ɗaura masa tiyo da tukunyar gas, mata suka cika gidan har da na bayan katanga. Yaya ya naɗe hannun shaddarsa, ya yi ɗan jawabi kan lafiyar ido da sarar itatuwa, ya murɗa makunni, ya kyasta ashana.

Wuta ta tashi da ƙugi har ta lashi zanar rumfa. Wata tsohuwa ta tsallake turmi da salati, abin da ta yi shekaru ba ta yi ba. Yaya ya ja da baya, gashin girarsa ɗaya ya tafi. Ni na kai hannu na rufe tukunyar, don ina da ɗan ƙaramin murhu mai kai biyu a Malbaza, na san inda ake kashe fitina. Da hankali ya dawo na cire kawunan na duba. A ƙarƙashin kowane kai akwai ɗan hancin tagulla da gas ke fitowa ta ciki, masu gyara suna ce masa jiklar. Na wannan murhun masu faɗin rami ne, an yi su don gas ɗin da ake ja wa gidaje ta bututu a can inda ya fito. Namu na tukunya ya fi ƙarfi, ƙaramin rami yake so. Na kwance su na ƙulle a bakin zane, aka samo masu ƙaramin rami a Konni aka sa. Daga baya na ji Yaya yana ba abokansa labarin yadda ya gano matsalar da kallo ɗaya.

Sai batun tuwo. Wanda ya ƙera murhun nan bai taɓa ganin muciya ba. Inna tun tana yarinya a zaune take tuƙi, tukunya a tsakanin ƙafafu, shi kuwa wannan ya kai mata ƙirji, kuma tukunyarta mai zagayen gindi tana rawa a kansa. Yaya ya ba da shawara ta salula cewa a haƙa rami a binne shi zuwa rabi. Na ce masa gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya rami yake nema ya kwanta, sai dai in kabari yake so mu haƙa mata. Ya ce ba ni da ladabi. Maƙeri ya yi mana zoben ƙarfe da tukunya za ta zauna a ciki, aka gina wa Inna dakali a gaban murhun, tana hawa tana tuƙi daga sama. Ɗakin gashin kuwa ta mai da shi ma'ajiyar daddawa da kanwa, ta ce aƙalla akuya ba ta iya buɗe shi.

Kula da murhun ya faɗo kaina, tunda Malbaza ta fi kusa, kuma Yaya kullum yana da taro a buro. Duk ƙarshen mako sai in hau taksin ƙauye da ɗan ƙunshina: allura, tsohon buroshin haƙori, sabulu, tsumma. In cire kawunan in jiƙa su, in bi ƙananan ramukan da allura in fitar da talgen da ya bushe a ciki, in shanya su sai sun bushe ƙayau kafin in mayar. In kaɗa kumfar sabulu in shafa a tiyo da wuyan tukunya, inda kumfa ta kumbura nan gas ke fita. Sau ɗaya ɓera ya ci tiyon, na canza. Na koya wa Inna ta kunna ashana kafin ta murɗa, ta rufe tukunya in ta gama, in ta ji warin gas kada ta kunna komai. Ta riƙe duka, don Inna ba ta da wasa da abin da zai hana ta zuwa Konni.

Abu ɗaya ne muka yi ta ja a kai. Na ce mata lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce, in ta ga ta yi ja, murhu ba shi da lafiya.

"Shuɗiya?" in ji ta. "Wuta ko rini? Mu dai tun da munka tashi ja munka san ta."

Na yi mata dariya, na ce haka masu abin suka yi shi.

Da damina ta sauka na zo na tarar da wutar kai ɗaya ta yi ja, tana lanƙwasa, gindin tukunya ya yi baƙi. Na wanke ramuka, ba ta canza ba. Na ɗaga saman murhun na leƙa, sai ga dalili. Kusa da jiklar akwai wata kafa da iska ke shiga ta gauraya da gas, zanzaro ya samu wurin ya gina ɗakinsa na laka a ciki, har da 'yar tsutsarsa. Na fasa da tsinke, na hura, na kunna, wuta ta koma shuɗiya. Ina ta yi wa Inna bayani irin na malaman lakwal, cewa in iska ba ta shiga ba dole wuta ta yi ja.

"Ina kahwar take?" ta ce. "Kamo hannuna ki aza."

Na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ta shafa, ta sake shafawa. Na ji daɗi ƙwarai, har na faɗa wa Yaya cewa Inna ta fara son ilimi.

Mako na gaba na tarar da laka a kafar, wuta ja. Na fasa. Na gaba ma haka, wannan karon a kai biyu. Na ɗaura yaƙi da zanzaro. Na bi rumfa da ɗakuna da sanda ina rushe duk gidan da na gani, har na bayan rumbu, wanda ba ruwansa. Inna tana zaune tana tsinkar zogale tana ba ni ƙarfin gwiwa.

"Ƙwarin banan ga ba su da kunya," take cewa. "Ki bi su dai, ɗiyata."

Yaya ya zo sau ɗaya ya ga baƙin tukwane, ya yi mini wankin babban bargo. Ya ce ya kashe kuɗinsa don a raba Inna da baƙi da hayaƙi, ni kuma na kasa ƙwaro. Ya aiko da gwangwanin feshin sauro daga Konni, da saƙon a fesa cikin murhun safe da yamma. Na ajiye gwangwanin a Malbaza, don gira ɗaya da aka rasa a gidanmu ta isa.

Damina ta wuce, aka yi girbi, ƙasa ta bushe, zanzaro ya yi ƙaranci a gari. Na gidan Inna kuwa bai san rani ba. Wata Asabar na ciro lakar ba tare da ta farfashe ba, ta fito dunƙule a tafina. Na juya ta. Babu rami a ciki, babu tsutsa. An cuɗa ta da ƙaiƙayi, irin cuɗin da ake yi wa yaɓen rumbu, kuma a bayanta ga shatin babban yatsa nan a kwance. Na daɗe ina kallon abin. Ni da nake gyara wa yara rubutu da jan alƙalami, wata da watanni tsohuwa tana aika ni farautar ƙwaro.

Raina ya ɓaci. Na share kafofin, na kunna kai ɗaya, shuɗiyar wuta ta zauna lafiya. Rana ta take, hasken ya cika rumfar. Na ce, "Inna, ga wuta nan na kunna miki, aza ruwan kunu," na koma bakin ƙofar ɗaki na tsaya.

Ta taho da tukunya, ta hau dakalinta, ta waiga ko ina kallo. Sannan ta miƙa tafin hannunta a kan kawunan, tana bin su ɗaya bayan ɗaya a hankali, har zafi ya taɓa ta, ta janye da sauri ta ɗora tukunyar a nan. Ba ta ganin wutar ko kaɗan. Fushin ya fita daga raina, tsoro da tausayi suka shiga. Na je na zauna a gefen dakalin na ajiye dunƙulen lakar a cinyarta.

Ta shafa ta, ta gane aikinta. Ba ta yi musu ba.

"In ta yi ja ina ganin ta," in ji ta. "Ba sosai ba, amma ina ganin inda take. Wagga taku, sai in ji ta ga hannu. Ran nan gehen zanena ya kama, Allah yat taimake ni da ruwa kusa."

"Inna, don mi ba ki hwaɗa mani ba?"

"In hwaɗa maki ki hwaɗa mai? Ke bakinki da nashi duka ɗaya na, kun yi lakwal."

Wannan ta yi mini zafi, don ni a ganina ban yi kama da Yaya ta ko'ina ba. Na ce jar wuta tana baƙanta tukunya, tana cin gas, kuma iskarta ba ta da kyau ga mai shaƙa. Ta ce tukunya ana wanke ta, rumfa kuma ba ta da ƙofa. Na ce idon fa? Ta ce likita da kansa ya gaya mata, lokacin da Yaya ya fita amsa salula, cewa irin nata ba ya dawowa, sai dai a rage masa gudu. Ta ce a gidan nan ƙafarta ta san kowane rami, hannunta ya san inda komai yake, awakinta sun san muryarta.

"Can Konni mi nas sani? Ko bayi sai an ja ni."

Na ɗauki dunƙulen, na jiƙa shi, na mayar da shi inda na ciro shi. Nawa bai yi kyau kamar nata ba, sai da ta gyara.

Daga nan aikina ya juya. Na ci gaba da wanke kawuna da gwada tiyo da kumfa, na ma ƙara kula, don mai girki a kai ba ta gani. Na cire zanar gefe ɗaya na rumfar iska ta riƙa ratsawa. In Yaya zai zo, sai in riga shi isowa, in fasa laka, in goge tukwane da toka da yashi har su yi ƙyalli, in karɓi girkin in ce Inna ta zauna ta ji da ɗanta. Abin ya yi sauƙi, domin Yaya bai taɓa zuwa ba sanarwa ba. Mutumin da yake so a shimfiɗa masa darduma kafin ya sauko daga mota ba ya iya ba-zata. Yana tafiya, kafin ƙurar motarsa ta kwanta, Inna ta kwaɓa lakarta. Ya yaba mini ma, ya ce ga shi da na bi shawararsa ta feshi ƙwarin sun gudu.

Muka ci kusan shekara a haka. Abin da ya karya mu bai zo ta inda nake tsaro ba.

Bayan babbar Sallah ya zo gaisuwa da baƙi, abokan aikinsa biyu da matar ɗayansu. Na riga na share komai, murhu yana walƙiya. Aka ci nama aka sha fura, hira ta kai kan yadda mutanen ƙauye ba sa karɓar ci gaba. Yaya ya gyara zama. Ya ce shi mahaifiyarsa, ga ta nan, ta fi shekara ba ta taɓa itace ba. Ya tashi ya ja su zuwa rumfa, ya kunna kai ɗaya da hannunsa, na baya ta hagu, ya fito da sabuwar salularsa mai ɗaukar hoto.

"Inna, taho ki aza muna ruwan shayi su gani."

Na miƙe na ce bari in ɗora. Ya ɗaga mini hannu.

"Zamna, madam. Ke mun san kin iya."

Inna ta tashi. Ta bi hanyarta ta kullum ba tare da ta yi tuntuɓe ba, ta ɗauki butar shayi a inda take ajiye ta, ta hau dakali. Tsakar rana ce, baƙin suna ta surutu, ƙarar gas ɗin ba ta fita. Na ga hannunta na hagu ya ɗan ɗaga zai nemi zafi, sai ta tuna ana kallonta, ta mai da shi kan cinya.

"Kai, wuta ta yi kyawo," ta ce. "Allah shi yi maka albarka."

Ta ɗora butar a kan na gaba ta dama, wanda ta saba girki a kai, ta riƙe mariƙin, ta juyo da fuska wajen muryar ɗanta tana murmushi don a ɗauki hoton. Wutar tana can baya tana ci ita kaɗai.

Surutu ya ɗauke. Matar nan ta sunkuyar da kai, ɗaya baƙon ya shiga neman abu a aljihunsa. Yaya ya sauke salular a hankali. Ya dubi butar, ya dubi wutar, ya dubi idon Inna, irin duban da ya kamata ya yi tun bara. Ya miƙa hannu ta gefenta ya kashe makunnin, ita kuma da ta ji ƙarar ta gane, murmushin ya tafi. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge su da bakin riga. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar ranar ba.

Bai yi jawabi ba. Na ja shi gefe na yi masa magana, na ce zan nemi canjin wurin aiki in dawo kusa, na ce a samo wata 'yar'uwa ta zauna da ita. Ya ce ya faɗa tun farko, kuma ni da na sani na ɓoye ba ni da bakin magana. Kafin mako ya zagayo mota ta zo. Aka rarraba awaki a gidajen maƙwabta, aka kwashe hatsin rumbu a buhuna, aka ɗaure murhun a bayan mota, aka sa wa ƙofar gida kwaɗo. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai ce a tsaya ta shafa ƙyauren kafin a rufe.

Sai da aka yi hutun lakwal na je Konni ganin ta. A falon Yaya na tarar da murhun, an rufe shi da farin leshi, an ɗora masa furen roba da hoton maigidan. Na tambayi matarsa, ta yi dariya, ta ce gidan da ake tuƙa wa mutum goma sha wani abu tuwo, wace tukunyar gas ce za ta kai mako? Su da itace suke girki, tun da can ma.

A tsakar gida na samu Inna. Ta jawo tabarmarta daga ɗakin da aka ba ta, ta shimfiɗa kusa da murhun duwatsu, a daidai inda iska ke kai hayaƙin. Itacen ɗanye ne, hawaye na bin kumatunta, ba ta ko sharewa. Na gaishe ta, na kama gefen tabarmar na ce ta tashi in mai da ta inuwa, hayaƙin nan ai shi aka raba ta da gidanta a kansa.

Ta riƙe tabarmar da hannu biyu.

"Bar ni nan, ɗiyata," ta ce. "Duk gidanga wutagga, ita ɗai nika gani."